Akori-Kurar Cindo Tsakanin Jiha da Tarayya

Ku matso ku ji labarin Cindo ɗan Inna Tabawa, daga bakin wanda ya san mota tun ana murɗa ta da hannu kafin ta tashi. Ni a tuƙi ba a gaya mini komai. Na taɓa kai lodin shanu Ikko babu burki, da ƙafa nake tsayawa, sai dai duk waɗanda suka gani da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Garinmu Mararrabar Tunkiya, hanya biyu ce ta haɗu a bakin tasharmu. Babban titin da ya ratsa gari ya wuce birni na gwamnatin tarayya ne. Ƙaramar hanyar da ta ɓalle daga jikinsa ta nufi kasuwar Dogon Marke kuwa ta jiha ce. Kowace hanya da nata masu duba mota, kowa da shingensa da kakinsa da dokarsa, kuma ko gaisawa ba sa yi. Babban na jiha muna ce masa Mai Usur, babban na tarayya kuma Dogo Mai Tabarau. Mu direbobin tasha mun ɗauki kanmu masu wayo, mun san kowace ɓarauniyar hanya da ake bi ta bayan gari a kauce musu.

Cindo bai san ko ɗaya ba. Ubansa ya rasu ya bar masa tsohuwar akori-kura, ga uwa, ga matarsa Delu, ga yara uku. Gidan babu gona babu dabba, duk tuwon da aka tuƙa daga bodin motar nan ya fito. Albasa yake ɗaukowa daga Dogon Marke ya kai birni, don haka kowace tafiya sai ya bi ta shingen nan biyu. Motar kuwa aibinta ɗaya, hayaƙi. In ta tashi da hantsi, kajin unguwa hawa bishiya suke yi, sun ɗauka magariba ta yi.

Kada ku ce mahaukaci ne. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Inna Tabawa, da yake ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, kullum zai fita sai ta ce, "Kai wannan, abin da hukuma ta ce maka shi za ka yi." Shi kuma ya ce to.

Wata rana ya ɗauko albasa, Mai Usur ya tsayar da shi. Ya yi ta tari har hularsa ta faɗi, sannan ya ce jiha ta kafa dokar hayaƙi, ba ya so ya ƙara ganin hayaƙin motar nan a kan hanyar jiha. Cindo ya koma gida ya zare ledar da Delu ta lulluɓe katifar aurenta da ita, ya aro tiyon ban-ruwa, ya cusa baki ɗaya a salansa, bututun da hayaƙi ke fita, ɗayan a cikin leda, ya ɗaure tamau ya ɗora kan buhuna. Washegari ya wuce ta gaban Mai Usur fes, ko hayaƙin sigari babu, sai wata baƙar aba tana kumbura a bayansa kamar hadari ya sauko ya hau mota. Yana taka babban titi, daidai shingen 'yan tarayya, ya tsaya ya kwance bakin leda. Sai da Dogo Mai Tabarau ya yi lalube kafin ya gano ƙofar motar, ya tambaye shi wannan wane irin iskanci ne.

"Yallaɓai, na jiha ne," in ji Cindo. "Sun ce ba sa so a wajensu, shi ne na kawo muku."

Ranar nan duk wanda ya sha shayi a bakin tasha baƙin mai ya ji a harshensa. A birni aka ƙi sayen albasar, wai ƙauri take yi. Delu ta daina yi masa magana, sai dai ta aje masa tuwo ta juya.

Wata rana kuma, bayan ido ya washe, Dogo Mai Tabarau ya zagaya motar ya ce ai maganar hayaƙi ma ba hurumin jiha ba ne, nasu ne. Ya ƙwanƙwasa lambar motar da sanda ya ce wannan tsohuwar rajista ce, ya je ya yi sabuwa ta tarayya, kuma ita yake so ya fara gani duk sanda motar ta tunkaro shi. Cindo ya yi sabuwar lamba ya maƙala. Mai Usur na gani ya busa usur har jijiyar wuyansa ta fito, ya ce rajistar mota aikin jiha ne tun kafin a haifi Dogon, ya mayar da tasu, kuma ita yake so ya fara gani duk sanda motar ta tunkaro shi.

Cindo ya zauna gindin dalbejiyar tasha, muna ta tsokanarsa. Can ya miƙe ya ɗaura ta tarayya a gaba, ta jiha a baya. Tun daga ranar, in ya yi lodi a Dogon Marke sai ya sa ribas, ya leƙo da kai ta taga, ya taho da baya da baya har Mararraba, sannan ya juya hanci ya hau babban titi. Wata tsohuwa da ya rage wa hanya ta yi ta salati, tana cewa ita gaba ta biya ba baya ba. Ya ture rumfar mai tsire, ya ɗauke wa liman igiyar shanya da rigunan Juma'a a kai. Wuyansa ya ƙage a karkace, har ya zama in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta hagunsa. Da ya iso shinge da baya, Mai Usur ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga lambarsu ce ta fara isowa kamar yadda ya ce, sai ya mayar da usur ɗinsa aljihu.

Wata rana aka kawo na'urar auna hayaƙi, kowane ɓangare da tasa. Dogo Mai Tabarau ya ce shi bai san awon jiha ba, tasu na'urar tana ofishinsu na birni, Cindo ya kawo musu injin nan su auna. Cindo ya kira bakanike suka kwance injin ɗungurungum, ya yi hayar amalanken shanu ya ɗora, ya kama hanyar birni yana tafe yana kore masa ƙuda. Gangar jikin motar ya bar ta a bakin tasha, ɓangaren hanyar jiha.

Bai daɗe da tafiya ba sai ga Mai Usur da yaransa da tasu na'urar, sun fito awon dole. Mu masu wayo tuni mun ɓoye namu motocin, akori-kurar Cindo kaɗai suka tarar. Suka zura wa salansa wayar awo, suka sa wani ya murɗa makulli. Shiru. Mai Usur ya tambaya ko ta tashi. Muka haɗa baki muka tabbatar masa ta tashi, ai Cindo ya canja inji, ya sa irin na Turai wanda ba ya ƙara. Na'ura ta nuna babu hayaƙi ko ƙyas. Mai Usur ya ji daɗi, ya ce kun ga amfanin dokar jiha, ya manna wa gilashin koriyar shaida da hannunsa, har aka ɗauke shi hoto yana dafe da bodi. Mu kuwa muka shige bayan rumfar mai shayi muna riƙe ciki.

Can a birni 'yan tarayya suka leƙo suka ga shanu biyu a ƙofar ofis suna kashi, ga inji yana ɗigar da baƙin mai a kan siminti. Suka ce ina motar. Cindo ya ce ba a ce ya kawo mota ba. Suka koro shi da shanunsa. Ya dawo aka mayar da inji, bakanike ya ga kusoshi sun yi saura cike da hula ya ce ba su da muhimmanci, hayaƙin kuwa ya ninka na da. Kashegari ya wuce ta gaban Mai Usur, koriyar shaida na ƙyalli a gilashi, bayansa kamar an cinna wa juji wuta. 'Yan tarayya daga nasu shingen suka yi ta tafi suna nuna Mai Usur da baki.

To, daga nan wasa ya ƙare. Mai Usur ya ce an mayar da shi abin dariya, Dogo Mai Tabarau ya ce an ɓata masa ƙofar ofis. Kowannensu ya aiko wa Cindo saƙo daban cewa ranar kasuwar garinmu ya kawo motar Mararraba, an kama ta. Muka kuma ji ƙishin-ƙishin cewa ranar za a yi kamen duk motar da ba a auna ba. Kowa ya san motar da ta shiga filin da suke ajiye motocin kamu, ciyawa ce ke fitowa ta cikin sitiyarinta.

Muka ba shi shawara irin ta manya, ya zo mu ɓoye a tsohon ramin da ake haƙar ƙasa bayan gari, inda duk za mu kai namu. Ya ce sai ya tambayi Inna. Ya same ta a tsakar gida tana tankaɗe, Delu na gefe ta zuba tagumi, yaran sun yi tsit don sun ji ana cewa za a ɗauke motar Baba. Inna ta aje rariya. Ta san in motar ta tafi, tukunya ta kife.

"Kai wannan," ta ce, "ban haifi mai gudun hukuma ba. Dukansu hukuma ne. Wanda ya tambaya ka ba shi, kada ka fifita wani."

Wata rana, ita ce ranar kasuwar, Cindo ya wanke motar tas kamar za a kai ta biki. Ya zo Mararraba ya rasa a hanyar wa zai tsaya kada ya fifita wani, sai ya daidaita ta, ƙafafun gaba a kan titin tarayya, na baya a kan hanyar jiha. Janwen tarayya, motar da ke jan motocin kamu, ta iso, Dogo Mai Tabarau ya ce ya ba da mota. Cindo ya ce ga ta, ya karɓi sarƙa ya ɗaura a gaba da hannunsa. Janwen jiha ta iso, Mai Usur ya ce ya ba da mota. Ya ce ga ta, ya ɗaura tasu a baya. Ya koma gefe ya tsuguna yana share hawaye da hula.

Aka ja nan, aka ja can. Akori-kura ta ɗaga sama tana kuka kamar akuya a hannun mahauta, ba ta matsa ko taku ba. Dogo ya ce shi ya fara kamawa, duk ɗan jihar da ya taɓa ta ya taɓa kayan tarayya. Mai Usur ya ce bodi da salansa a ƙasarsa suke, kuma hayaƙi ta salansa yake fita. Kasuwa ta watse aka dawo kallo. Aka kira manya, manya suka kira nasu manyan, kafin la'asar lauyoyi sun shigo maganar.

Mu kuma masu wayo, da yake duk rami ɗaya muka kai motocinmu, sawun tayoyinmu ya yi hanya shar har bakin ramin. Da rigimar ta lafa, ɓangarorin biyu suna neman inda za su huce, suka bi sawu. A nan kam ba su yi gardama ba, raba mu suka yi kamar naman watanda.

Aka je kotu, ba don Cindo ba, don a san wa ke da ikon kama mota tsakanin jiha da tarayya. Alƙali ya sa aka kira shi, ya tambaye shi wa ya ba motar.

"Ranka ya daɗe, kowa na ba. Su ne suka ƙi ɗauka."

Alƙali ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau, kafaɗunsa na rawa. Ya ce tunda kowane ɓangare ya hana ɗayan riƙe ta, mota ta zauna a hannun mai ita, ya ci gaba da neman abincinsa, kuma kada wani mai kaki ya ɗora mata ko yatsa sai an yanke hukunci. Shari'ar nan daga wannan kotu aka ɗaga ta zuwa ta sama, daga can zuwa ta samanta. Yaron da Delu ke goye da shi lokacin yanzu ya iya karatun allo, ba a gama ba.

Yau duk Mararrabar Tunkiya motar Cindo ce kaɗai ke bin shingen nan biyu da rana tsaka. In za mu birni bin sawun namu motocin, ita muke hawa, a baya, kan buhunan albasa, mu toshe hanci da hula, kuma kuɗin mota ba ya rage mana ko don furfura. Shi kuwa har gobe bai san ya yi dabara ba. Kowane shinge ya iso sai ya taka burki, ya leƙo ya gaishe su da ladabi, ya ce ko yau sun shirya ɗauka.

Mai Usur ya kan kau da kai, hannu a kan hanci, ya ce, "Wuce, Malam Cindo. Don girman Allah wuce."