Hannuna a Akwatin Masallaci

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, ko da tsufa zai sa in manta sunan garinmu.

Ni direba ne a Abhur, wata unguwa a Jidda, a gidan wani dattijo da muke kira Dakta. Shi ne kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini a ƙasar. A Jidda aka haife shi, amma kakansa Bakano ne da ya zo Hajji bai koma ba, shi ya sa Hausarsa rabi Larabci ce. Tun da ya bar aiki ba abin da ya sa a gaba sai tara tsofaffin littattafai.

Ni kuwa mutum ne mai waswasi (nakan sake alwala sau uku don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba). Karatuna firamare ne da allo, amma na riƙe abu ɗaya: takarda mai sunan Allah ba a barin ta a ƙasa.

Wata Laraba Dakta ya aike ni ɗakin karatunsa in ɗauko masa tabarau. Ina shiga na ga takardu shida shimfiɗe a kan kafet, tsofaffi, duk gefensu ya cinye. Turanci ne, da zanen wasu manyan duwatsu a tsaitsaye. A tsakiyar ɗaya kuwa ga layi biyu na Larabci, ga sunan Allah ƙarara. A ƙasa! Inda ake takawa! Na ce lallai tsufa ya fara taɓa Dakta, bari in rufa masa asiri. Na tattara su, da azahar na zura su a akwatin ƙarfen nan na bakin masallaci, inda ake zuba tsofaffin takardu masu ayoyi. Na dawo gida ina jin ƙamshin Aljanna.

Washegari ya ƙwala mini kira. "Ya waladi, ina takardun da na jera?"

Kafin in buɗe baki ya shiga bayani. Ashe shafukan littafin wani malamin Ingila ne na sama da shekara ɗari uku, limamin coci, wanda ya ƙare rayuwarsa yana auna duwatsun kufai yana rubutu kan addinin mutanen da, har yakan kawo hujja da Larabci. Ɗinkin littafin ne ya warware, Dakta ya jera shafukan don wata malamar jami'a za ta zo ta ɗauki hotonsu.

"In sun ɓace, halas, littafin ya mutu," in ji shi.

Nan take na hango iƙamata, takardar izinin zamana, an soke ta, na hango kaina a jirgin Kano da jaka ɗaya. Na faɗi gaskiya.

"Yau ake kwashe akwatin nan! Yalla!" in ji Dakta.

Na kwasa da gudu. Na tarar an tada sallar la'asar, Baba Idi ladani mai riƙe da makulli yana sahun gaba. Mai hankali da jira zai yi. Ni sai na naɗe hannun riga na cusa hannu ta 'yar kafar da ake zura takardu. Ya shiga har gwiwa, na taɓo takardun, na damƙe. Fitowa kuma ya ce bai san zancen ba.

Haka aka sallame, jama'a suka fito suka same ni rungume da akwati.

"Ɓarawo ne?" wani ya tambaya.

"Me zai sata, ayoyi?" wani ya ba shi amsa.

Baba Idi ya buɗe akwatin ta gefe, kowa ya leƙa ya ga yatsuna a ciki suna motsi. "Ɗana," ya ce, "mutane takarda suke sakawa, kai hannu ka kawo sadaka?" Sai da aka kawo sabulun wanke-wanke (bayan an karɓe takardun, na tabbatar da wannan) sannan na kuɓuta.

Dakta ya iso yana dogara sanda. Ya duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya lau. Ni ina tsaye, kumfa na ɗiga daga hannuna, ina jiran hukunci. Sai ya fashe da dariya.

"Shekara ɗari uku wannan bawan Allah bai taɓa zuwa masallaci ba, sai kai ka kawo shi har ya kwana!"

Bai kore ni ba, sai dai har yau a masallacin nan "Limamin Bature" ake kira na. Takarda kuwa ban daina ɗauke ta daga ƙasa ba, amma yanzu iyakarta kan tebur. Na koyi cewa kafin in nema wa mutum lada da kayansa, in fara tambayarsa ko yana so.