Yadda Hancina Ya Ɓata Shadda Yadi Arba'in

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan shekara ɗari ina taka keken ɗinki, da Asabar ɗin da na tara wa kaina jama'a a tsakiyar kasuwar Tamale. Da bakina na tara su, babu wanda ya aike ni.

Lokacin ina shekarata ta uku a shagon Madam Hawa da ke Moshi Zongo, ina koyon ɗinki. Saura wata ɗaya a yi mini firidom, wato bikin yaye 'yar koyo, ranar da Madam za ta sa mini albarka ta miƙa mini almakashi a gaban iyayena. Shekara uku ina shara, ina guga, ina ɗinka maɓalli, duk don wannan rana. Mamata har ta aika wa 'yan uwa na Yendi da Kumasi su shirya.

Matsalata ɗaya, fuskata. Ƙuraje ne birjik a goshi da hanci da haɓa, kamar an watsa gero a tabarma. Babu abin da ban shafa ba, lemon tsami, man goge haƙori, har toka (kada ku tambaye ni wa ya ba ni wannan shawara, tana nan da ranta, muna gaisawa). Kullum abin gaba yake yi. Ni kuma na rantse ba za a ɗauki hoton firidom ɗina da wannan fuska ba.

Sai na je wurin Anti Rahi, ƙanwar babana, wadda take aikin nas. Ta kai ni bakin taga ta duba fuskar sosai, ta tsara mini abin da zan riƙa yi kullum. In wanke fuska safe da yamma da sabulu mara ƙarfi, ban da dirza, ban da matsa ƙurji. Da yamma in shafa wani farin magani na kemis, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, in bi shi da mai mara nauyi. Da safe in sa man kare rana.

"Kuma sai kin yi haƙuri," in ji ta. "Ki ba shi kamar wata biyu."

Wata biyu! Ni da nake da wata ɗaya? Ta ci gaba da magana, ta faɗi wani abu kuma, amma ni hankalina yana kan madubi, "to Anti, to Anti" kawai nake cewa. Takardar da ke cikin kwalin maganin kuwa allurai na naɗe da ita.

Ina isa gida na yi lissafina na masu wayo. Idan ƙwayar wake sau ɗaya a rana tana aiki a wata biyu, ai cokali guda sau uku zai gama a mako biyu. Haka na riƙa lafta shi da safe, in ƙara bayan azahar a bayan shago, in sake da yamma. Fuskar tana zafi tana saɓa, ni ina murna wai magani yana aiki.

Ana haka Madam ta karɓi babban aiki, yayin ƙawayen wata amarya ta unguwar Sabonjida, kaya iri ɗaya na mutum goma. Shadda ce shuɗiya mai duhu, an sayo ta wurin Mma Sanatu, wata dattijuwa da ta daɗe tana sayar da yadi a kasuwa. Ranar Alhamis Madam ta ajiye shaddar a gabana.

"Ki auna, ki yanka yadi huɗu-huɗu. Ke za ki riƙe aikin nan har ƙarshe. Shi ne jarrabawarki, in ya yi kyau na sallame ki."

Na nemi tef na rasa (a shagon da 'yan koyo shida suke, tef ba ya kwana inda aka ajiye shi). Ban damu ba, don Madam ta koya mana awon iyaye: ki riƙe bakin yadi da yatsu, ki miƙe hannu, ki kai ɗaya ɓangaren kan hancinki, yadi ɗaya ke nan. Na ƙware a wannan awo har ina yi wa ƙananan 'yan koyo fankama. Ranar ga zafi, gumi yana tsiyaya, ga maganin da na lafta bayan azahar. Na auna yadi arba'in tas, na ninke kowane ƙyalle ina danne shi da haɓa, na jera a kabad.

Juma'a ba ma buɗe shago. Asabar da safe na ɗauko ƙyalle na farko zan goge, sai na ga wani tabo ruwan goro. Na buɗe gaba, ga wani. Na warware na biyu, na uku, na goma, duka haka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Madam ta ɗora hannu a ka. "Bikin amarya saura kwana tara! Me ya taɓa kayan nan?"

Wallahi ko a mafarki ban kawo kaina ba. Na ce, "Madam, ai rinin ne na ƙarya. An cuce mu, tsohuwar nan ta sayar mana da jabu." Na faɗa da ƙarfi, na maimaita, har Madam ta yafa mayafi muka tare yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku, sai kasuwa.

Tun kafin Madam ta gama sallama na zube kayan a teburin Mma Sanatu na buɗe murya. Na ce a ji tsoron Allah. Na ce ana sa carbi a hannu ana cutar bayin Allah (wannan maganar har yau in na tuna ta sai na rufe fuska). Masu sayar da takalma suka matso, mai wace, wato shinkafa da wake, ta bar tukunyarta, masu babur suka tsaya. Ni kuwa ganin jama'a sai na ƙara wuta.

Mma Sanatu ta miƙe. Ta jawo ragowar bandir ɗin ta warware a gaban kowa, tas, babu ɗigo. Sannan ta shimfiɗa namu, ta ɗauko sandar awonta ta ɗora. Tabo na farko ya faɗa daidai ƙarshen sanda. Ta matsar, na biyu ma haka. Na uku ma haka.

"Wannan tabo ya yi makaranta," in ji ta. "Ya san lissafi. Wa ya auna?" (Badagomba ce, a Hausarta mace da namiji duk "kai" ne.)

"Ni ce," na ce, har da ɗaga kai.

"To ɗiyana, auna mu gani."

Na ɗauka da gadara, na miƙe hannu, na kai yadin fuskata. Jama'a, hancina ya sauka a kan tabon nan cif, kamar murfi da tukunyarsa. Ta ce in sake, na sake, ya sake sauka. Sai ta miƙo hannu ta kamo baƙin mayafina wajen haɓa, ta juyo shi ga mutane. Ruwan goro ne shar, irin na shaddar sak.

A nan komai ya dawo mini lokaci ɗaya. Tawul ɗina da ya yi dabbare-dabbare, rigar matashina da Mama take ta zagin sabulun wanki a kanta, da muryar Anti Rahi ranar da nake kallon madubi: "Ki kula, yana cin launin kaya, ki wanke hannu, kada ya taɓa tufafi." Mai wace ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Durƙusa."

Na durƙusa a ƙasar kasuwa ina kuka ina cewa, "Mma, don Allah ki yafe mini."

"Tun ba a haifi uwarka ba nake sayar da yadi," in ji Mma Sanatu, "ba wanda ya taɓa ce mini macuci sai mai hanci. Tashi, na yafe. Amma ka rage abin nan, fuskarka ya ƙone."

A cikin yalo-yalo Madam ta yanke hukunci. Ta ce ɓata yadi kuskure ne, kowa yana yi, amma wadda za ta zagi sa'ar kakarta kafin ta duba kanta ba ta isa riƙe shago ba. An ɗaga firidom wata huɗu. Wannan ya fi dariyar kasuwa yi mini ciwo, kuma ni da bakina na je na gaya wa Mama ta sake aika wa Yendi da Kumasi.

Shaddar kuwa, da Madam ta roƙi uwar amarya ta yarda, kwana takwas na yi ina ɗinka furen duwatsu a kan duk tabon da almakashi bai iya kauce wa ba, har yatsuna suka kumbura. Maganin ma na koma ƙwayar wake, da yamma kawai, yadda aka ce tun farko. Cikin wata biyu fuska ta lafa, ta zauna tana jiran firidom wata biyu cur.

Ranar bikin firidom ɗina sai ga Mma Sanatu da 'yar ledarta. Ta ciro sabon tef ta rataya mini a wuya a gaban kowa, ta ce, "Ga shi. Hanci na numfashi ne."

Tef ɗin yana wuyana yanzu haka a shagona. Duk takardar magani sai na karanta ta har ƙasa kafin in naɗe allura da ita, kuma in kaya ya ɓaci, madubi nake fara dubawa kafin in tafi kasuwa.