Ranar da Na Gyara wa Kapiten Istilonsa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, da ranar da na gyara wa wani kapiten na soja alƙalaminsa a gaban mutanen biro ɗinmu, wato ofishinmu, kaf. Na ce na gyara, kuma har gobe ban janye ba. Gyara ya yi. Abin da na ɗora a kan gyaran ne ya ɓata.

Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasa, damina kuma ta yi ta yi mana rowa. Gefen Yamai cike yake da mutanen da suka baro garuruwansu bayan dabbobinsu sun ƙare, kogi ya janye har yashi ya fito fili a ƙarƙashin gadar Harobanda. Ni kuwa saurayi ne ɗan Damagaram, ina hayar ɗaki a Wadata, ina aiki a wani biro da ke tura hatsin agaji cikin ƙasa. Aikina jera takardu ne da kai su daga wannan tebur zuwa wancan. Amma da ka tambaye ni a wancan zamani, ce maka zan yi ni ne likitan istilo na duk ma'aikatun gari.

Istilo, ga wanda ya taso bai tarar ba, alƙalami ne da ake ɗura wa tawada a ciki. A bakinsa akwai ɗan ƙarfe mai tsaga wanda ke taɓa takarda, ni harshe nake ce masa. A ƙarƙashin harshen kuma akwai wani baƙin abu siriri mai layi-layi da ke shayar da shi tawada, shi kuma na raɗa masa maƙogwaro (ba wanda ya koya mini waɗannan sunaye, ni na ƙirƙiro abina don a san da likita ake magana). Su biyun a cuse suke cikin wuyan alƙalamin. In sun manne da juna sosai, rubutu kamar ana shafa mai. In ɗaya ya saki, ko dai alƙalamin ya bushe ƙayau, ko ya yi ta dalala a aljihu. Da zafin Yamai kuwa, kowane babba mai istilo yana da rigar da ya daina sawa.

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake warware su ina mayarwa, kuma hannuna ya faɗa. Ciwona ɗaya ne: ban iya aiki baki rufe ba. Ko zare nake sa wa allura sai na yi wa na kusa da ni bayanin yadda ake yi.

Ran da abin zai faru, motocin kamiyo sun yi layi a ƙofar biro tun da sassafe, cike da buhunan dawa, za su arewacin Tawa. Abin da ya rage kawai takardar izinin tashi, wadda sai kapiten mai kula da rabon ya sa mata hannu. Madam Ramatu, ƴar Gudel da ke buga mana takardu a mashin, ta ci rabin safiya a kanta, don sunayen ƙauyuka ne jere, ga kwafi-kwafi da takardar karbon, kuskure ɗaya sai an sake daga fari.

Hantsi ya ɗaga kapiten ya shigo, da soja ɗaya a bayansa rataye da bindiga. Duk muka miƙe. A zamanin nan in mai kaki ya shigo biro, har wanda bai yi laifi ba sai ya fara tuno laifin da zai yiwu ya yi. Shef ɗinmu, wato shugaban biro, Mushe Abdu (mushen Faransanci, kamar a ce malam), mutumin Maradi mai tsoron faɗa, ya ture kofin shayinsa gefe, ya ba shi kujera, ya shimfiɗa masa takardar.

Kapiten ya zaro istilo baƙi daga aljihu, ya buɗe, ya ɗora. Ƙarrr, ba tawada. Ya sake. Ƙarrr. Daga inda nake tsaye ina hango harshen yana rawa kamar haƙorin yaro mai shirin famfara.

Mushe Abdu ya miƙa masa nasa alƙalamin na roba da hannu biyu. Kapiten bai ko dube shi ba. Ya ce, da Hausarsa ta ƴan Yamai, "Da wannan nake sa hannu tun da na shiga aiki. Ba na sa hannu da abin ƴan lakwal."

Sai na ji wata murya ta ce, "Ranka shi daɗe, harshen ne ya saki. Aikin minti kaɗan ne."

Muryata ce. Mushe Abdu ya zaro mini ido irin na "ka rufa mana asiri", amma ina, na riga na tako. Kapiten ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ka iya?"

Na ce, "Mon kapiten, a tambayi kowa a gidan nan."

Ya miƙo mini.

To, a nan dai a yi mini adalci, don abin da na yi da farko daidai ne. Na naɗe yatsu da ƙyalle, na kama harshe da maƙogwaro tare, na ja a hankali suka fito. Na nuna masa yadda rata ta shiga tsakaninsu, har takarda na iya ratsawa. Na ce a kawo mini ruwan zafi. Kapiten ya yi wa sojansa nuni, sai ga mutum da bindiga ya tafi wurin mai shayin bakin ƙofa ya dawo riƙe da kofi (ni, mai jera takardu, soja na yi wa aike, a wannan lokacin kaina ya fi hulata girma). Na tsoma maƙogwaron har ya yi laushi, na haɗa shi da harshen, na matse da yatsu har ya huce a kan sabon zamansa. Duk wannan ina yi ina zuba: yadda zafi ke kumbura iskar cikin alƙalami, yadda masu danna hannu ke kashe harshe, yadda ba kowa ya san sirrin ruwan zafi ba.

Saura mayarwa. Shi kuwa abin nan tura shi ake yi cikin wuya har sai ka ji ya zauna, ya ƙi gaba. Na san haka kamar yadda na san sunana. Amma ina tsakiyar wata jimla mai daɗi, idona na kan fuskar kapiten ina duba ko ya gamsu, sai hannuna ya tsaya inda jimlar ta tsaya.

Na ja layi a kan wata tsohuwar takarda. Layi ya fito shuɗi, sumul. Mushe Abdu ya sauke numfashi. Kapiten ya ɗan gyaɗa kai, ya miƙo hannu.

Jama'a, hannun mutum a miƙe. Abin da ya rage mini a duniya shi ne in ɗora alƙalami a tafin nan in koma bayan tebur ɗina da mutuncina. Sai na ɗaga yatsa na ce, "Saura abu guda, mon kapiten, wanda yawancin mutane ba su sani ba. Bayan gyara sai an ɗan kaɗa shi, don tawada ta sauko ta san hanyarta. Kamar haka."

Na kaɗa.

Ban ga fitar harshen ba, ƙararsa kawai na ji, tsulum, cikin shayin Mushe Abdu. Maƙogwaro ya gangara ƙarƙashin tebur. Tawadar da ke cikin alƙalamin kuwa, duk ta san hanyarta lokaci ɗaya. Ta fara daga takardar Madam Ramatu, ta ratsa sunayen ƙauyuka daga ƙasa zuwa sama, ta hau rigar kapiten daga maɓallin ciki har wuya, ta ɗiga masa a haɓa, ragowar ta wuce ta sauka a kan gilashin hoton shugaban ƙasa da ke rataye a bango, daidai kumatu, ta fara gangarowa kamar hawaye.

Madam Ramatu ta dafe ƙirji ta ce da Zabarmanci, "Irkoy beeri!" wato Allah mai girma. Sojan nan ya gyara ratayar bindigarsa. Mai yiwuwa kafaɗarsa ce ta gaji, amma ni a lokacin kalmar shahada na fara nema.

Kowa ya yi tsit. Kuma da na bar shirun nan ya yi aikinsa, da wataƙila an ce tsautsayi ne. Amma bakina, da ya saba cike kowane gurbi, sai ya ce:

"Kun gani ko? Yanzu tana sauka."

Wallahi haka na ce. Har yau in na tuno sai na rufe fuska, ko ni kaɗai ne a ɗaki.

Kapiten ya zaro hankici ya goge haɓarsa, ya duba hankicin, ya dube ni. Ni kuwa na riga na fara tsara yadda zan shaida wa tsohuwata cewa an tura ni aiki Bilma, can tsakiyar rairayi.

Ya ce, "Ɗauko."

Na tsoma yatsu cikin shayin shef ɗina na lalubo harshe. Na rarrafa ƙarƙashin tebur, tsakanin takalman soja, na ɗauko maƙogwaro.

Ya ce, "Sake gyarawa. In ka buɗe baki kafin ka gama, da kai motocin nan za su tashi, a bisa buhu."

Na zauna na sake. Ba abin da ake ji sai mashin ɗin Madam Ramatu da ta soma takardar daga fari, kowane harafi kamar mari take kai mini. Mushe Abdu da girmansa ya hau kujera yana goge hoton da hannun rigarsa, yana ba hoton haƙuri ƙasa-ƙasa. Wannan karon na tura har na ji abin ya zauna daram. Na ɗura tawada, na goge, na ajiye a gabansa ban ce uffan ba.

Sai bayan azahar takarda ta kammala. Kapiten ya sa hannu, alƙalami ya bi shi lafiya lau. Ya rufe, ya mayar aljihun rigar da na ɓata, ya miƙo mini takardar.

"Tun da kana son bayani, kai za ka kai wa direbobi. Ka gaya musu da bakinka abin da ya riƙe su."

Na fito da hannuwa shuɗi har gwiwar hannu. Direbobi na kwance a inuwar ƙarƙashin motocinsu, suka taso. Babbansu wani dattijo ne ɗan Tawa mai farin gemu, ana ce masa Baba Sani. Na tsaya na faɗi komai, kuma karo na farko a rayuwata bayanina ya yi gajarta.

Ya karɓi takardar ya ninke. Ya ce, "Ɗana, inda za mu akwai matan da suka wanke tukunya tun da suka ji muna tafe. Da mun tashi da hantsi, yau da dare su tuƙa. Yanzu sai gobe."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya kama ƙofar mota zai hau, sai ya waiwayo. "Shi alƙalamin dai ya warke?"

Na ce, "Ya warke, Baba."

Ya ce, "To madalla. Yau dai an ceci wani."

Direbobi suka fashe da dariya, suka tada motoci, suka bar ni tsaye a rana.

Ba a kore ni ba, ba a kuma tura ni ko'ina ba. Madam Ramatu dai ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da baki, sai da gira. Bayan ɗan lokaci sai ga sojan nan ya dawo da istilo har na wasu hafsoshi a cikin ambulan, ya ce kapiten ya ce in duba su, amma a tsakar gida, ina fuskantar katanga.

Abin da na tsinta a ranar bai da yawa, amma ya yi mini amfani. In aiki ya ƙare, mai shi ya miƙo hannu, ka ba shi kayansa ka ja da baya, kada ka ce saura abu guda. In kuwa har gwaninta ta ci ƙarfinka, dole sai ka nuna wa duniya yadda ake yi, to ka fara duba inda bakin abin ke kallo, ka tabbata babu mai bindiga a wurin.