Jariri Mai Kilo Tara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙanwata Hauwa ta haihu a Amurka ba, domin ita ta sauka lafiya, ni kuma na kusa kwantar da mahaifiyarmu a asibiti.

Ina gidana a Gashuwa saƙon mijinta ya shigo wayata. Karatu ya kai shi can, ya tafi da ita. Ya rubuta an samu namiji, uwa da ɗa lafiya, nauyi 9 lb. Waɗannan haruffa biyu na ƙarshe ban ko kula su ba (na ɗauka yatsansa ne ya zame don murna). Ni dai a sanina, jariri da kilo ake auna shi. Na yafa mayafi na shiga motar Nguru, don in kai wa Inna albishir da bakina.

Na tarar da tsakar gida cike da maƙwabta, labarin haihuwa ya riga ni isa. Amma ni ce mai cikakken bayani, saboda haka na gyara zama na ce, "Inna, jikanki kilo tara ya yi."

Guɗar da aka fara ta tsaya. Wata maƙwabciya ta ce ita nata mai kilo huɗu ma sai da ta ga lahira ta dawo. Maimakon in yi shiru, sai na ƙara ilimi: "Ai abincin can ne, komai nasu ƙato ne." (Ni da ko Abuja ban taɓa zuwa ba.)

Inna tana da hawan jini. Ta ce, "Hauwa da ƙugunta kamar na fara? Ki faɗa mini gaskiya, ɓoye mini kuke yi. Yarinyar nan tana raye?" Na kira mijin, bai ɗauka ba. Hawaye suka fara zubo mata.

Allah Ya sa Ya Falmata tana wurin, aminiyar Inna, wadda ta yi aikin unguwarzoma a asibiti har ta yi ritaya. Ta ce in raka ta ɗaki ta sha ruwa. Muna shiga ta karɓi wayar, ta duba, ta ce a hankali, "'Yata, wannan laba ce, awon mutanen can. Kilo ɗaya laba biyu ne da ɗan ɗoriya. Raba tara ɗin gida biyu, ki rage kaɗan."

Na raba, na rage. Kilo huɗu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka fito, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta dafa kafaɗar Inna ta ce, "Kwantar da hankalinki, ƙawata. Ma'aunin ƙasarsu ne daban da namu. A namu kilo huɗu ne, yaro lafiyayye." Ta ɗora wa Amurka laifin gaba ɗaya, ta bar ni da mutuncina. Can da la'asar Hauwa ta kira, Inna ta gan ta a waya tana murmushi, sannan ta yarda ta ci abinci.

Har gobe ina yi wa Ya Falmata addu'a, duk zuwana Nguru sai na kai mata bandar kifi. Sai dai mata ba sa mantuwa: yaron sunansa Muhammad, amma a unguwarmu ta Nguru Kilo Tara ake ce masa. Ni kuwa yanzu ko lambar takalmi aka turo mini, sai na tambayi ta wace ƙasa ce kafin in buɗe baki.