Gargaɗin da Ya Biyo ta Injin Niƙa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da damunar da aka haɗa ni aiki da Malama Rakiya ba. Aikinmu a Makarfi shi ne gargaɗin jama'a kafin iska da ambaliya. Ni ilimin yanayi na karanta, shekara da shekaru ina manna takardu a bangon kasuwa (awaki kaɗai ke tsayawa a gabansu). Ita kuwa halayyar jama'a ta nazarta, wai sai ka san wanda mutane ke saurara kafin ka buɗe baki. Ta bi Gazara da Dandamisa gida-gida da littafinta, ta dawo ta ce a bar takarda, a ba limamai da masu injin niƙa saƙon.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Kafin wata guda sai ga magidanta a kan rufi suna ƙara ƙusa, ko'ina "Malama Rakiya ta ce." A taro shugabanmu ya yabe ta sau uku, ni ko sunana bai kama ba. Wallahi kyashi ya ci ni, har tuwo ya daina yi min daɗi.

Ran wata Laraba Innata ta dawo daga niƙa ta ce, "Kai, an ce babbar iska na tafe. Kwanon ɗakin masarar nan ya saki, nemo kafinta."

"Inna, wa ya faɗa?"

"Yarinyar nan ta ofishinku, mai hankali."

Mai hankali! Ni fa na miƙa mata hasashen da hannuna. Na san gaskiya ne sarai, amma na ƙudura ba za a ga kafinta a gidana a ce ni ma na bi maganarta ba.

Juma'a da la'asar iska ta iso. Duk layinmu rufina kaɗai ya tashi, ya sauka a gonar raken maƙwabci, masara ta sha ruwa ta ƙoshi.

Washegari ofis ya turo masu duba ɓarna. Wa zan gani a ƙofar gida in ba Malama Rakiya ba? Ta gaishe ni da ladabi, ta jajanta, ta buɗe littafi.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, kowa muke tambaya. Gargaɗin ya iso gidan nan?"

"Ya iso."

"To me ya hana a yi aiki da shi?"

Na shiga kame-kame, wai kafinta ya yi tafiya. Sai Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida: "'Yar nan, rubuta baƙin ciki! Sunanki ya ji ya ƙi."

Direbanmu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ita ko murmushi ba ta yi ba (da ta yi ma da sauƙi), ta sunkuya ta rubuta.

A rahotonta ta ƙara sabon dalilin da ke hana mutane bin gargaɗi. Ba ta sa suna ba, amma har masinja ya san gidan. Yanzu ko maƙiyina ya ce hadari ya taso, sai na kwashe shanya tukuna, in ya so na ji haushinsa a ɗaki mai rufi.