Tsiren Akosombo

Tun da muka taso daga Nima nake bugun ƙirji cewa na san Akosombo kamar yunwar cikina, alhali sau ɗaya na taɓa zuwa. Muna isa bakin tafki na sayo tsire, na miƙa wa surukina, limamin unguwarmu. Ya cinye tsinke uku kafin matata ta ce, "Maigida, naman mene ne wannan?"

Ni ma ban sani ba, don ba a hannun mahauci na saya ba, wurin wata mai talla ne. Na koma wurin mai tallar, ba abin da nake tunani sai alade. Ta nuna min tulin ɓawo, ta ce adode ne, wani abu mai kama da dodon koɗi, daga kogi ake tsamo shi.

Da na dawo na faɗa musu, Liman ya ce, "Na ruwa halal ne. Ƙaro biyu."

Har yau Sarkin Fawan Akosombo ake kirana.