Yadda Na Zaɓo wa Mai Girma Sandar Golf da Riyal Biyar

Jama'a, ku taya ni murna, ko dai ku taya ni wani abu. Ranar Asabar da hantsi na shiga ofishin masu ba da lambar dako ina Lurwanu ɗan dako, na fito ina masanin sandar golf, abin da ban taɓa gani da idona ba, ban ma san ta wane gefe ake riƙe shi ba. Wannan ƙarin girma ya same ni ne bayan kwana goma sha tara ina bin layi. A layin nan takalmina ya tsinke a ƙarƙashin ƙafar wani ƙato, raƙumin da ake ɗaurewa a bakin ƙofa kuma har ya fara gane ni yana ɗaga min kai.

Bari in yi wa masu karanta ni a gida bayani. Lamba wata 'yar tagulla ce da ake ɗaura wa ɗan dako a damtse. In kana da ita, za ka shiga Mina lokacin aikin Hajji ka ɗauki akwatunan alhazai da buhunansu da tantinsu, wani sa'in har da alhajin kansa. In ba ka da ita, askar, wato ɗan sandan nan ƙasar, zai rako ka da sanda har bakin hanya. Kwanakin nan na Mina su ne gonarmu. Abin da na samu a cikinsu shi muke ci, ni da Ramlatu da 'ya'yanmu uku, a kan dutsen Nakkasa a nan Makka, har wata shekarar ta kusa zagayowa. Saura mako biyu a fita, buhun shinkafarmu kuwa ya kai inda Ramlatu ke zura hannu har kafaɗa kafin ta taɓo ƙwaya.

Mai buga hatimi a kan takardar lambar nan, wato Mai Girma Uban Hatimi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ba ya samuwa. Kullum akawunsa zai leƙo ta taga ya ce mana “bukura”, wato gobe. Dalili kuwa, Mai Girma ya je gabas, ƙasar masu haƙar mai, ganin aiki na mako guda, ya dawo mana da golf. Wasan Nasara ne. Babban mutum da hankalinsa zai ajiye ɗan ƙwallo kamar ƙwan zabuwa, ya make shi da sanda, ya bi shi a ƙafa cikin rana, ya sake make shi, har ya faɗa wani ɗan rami. In ya faɗa sai ya ciro shi a sake daga farko. Wai a garinsu a kan ciyawa ake yi. Mu nan ciyawa sai dai a bakin akuya, don haka Mai Girma ya sa aka share masa wani kwari a gefen hanyar Muzdalifa, ana tuttula wa yashi mai don ya kwanta luf. Mu da muke wuni a layin kananzir da kwalba ɗaya a ce mana ya ƙare, da idonmu muka ga motar ganguna ta wuce mu ta nufi kwarin. Ni ba ƙorafi nake ba. Yashin nan ya daɗe yana shan rana ba mai shafa masa mai, hukuma ce kaɗai ta tuna da shi.

To, ranar Asabar ɗin akawu ya yafito ni ciki. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ni manomi ne a ƙasarmu. Na ce tun kafin in taka daga Gumel zuwa bakin teku da ƙafa, fartanya ce abokiyar hirata. Ya ce alhamdu lillahi. Ashe ƙwallon Mai Girma ne ya ɗauki wata mummunar ɗabi'a, ya riƙa shiga sakakken yashi yana ƙin fitowa. Kwana uku ke nan ran Mai Girma a ɓace, ko kallon hatimi bai yi ba. Akwai wata gajeriyar sanda ta musamman, inji akawu, wadda aikinta ke nan, fitar da ƙwallo daga yashi, kuma an ji labarin kayan wani Bature da ya tashi daga Jidda sun iso haraj, kasuwar gwanjonmu.

“Ya Hajji,” inji shi, “ka kawo sandar nan gobe, lambarka tana damtsenka kafin azahar.”

Mai Girma ya ba da umarnin a fitar da riyal arba'in a sayo guda biyu. Kuɗin suka sauko daga bene, suka tsaya suka gaisa da kowane tebur, kafin su iso tafin hannuna sun rame sun koma biyar. Akawu ya ce guda ɗaya ma ta isa, in kuma tabbata na dawo da canji.

Na sauka haraj ina tafe ina tsalle da takalmi ɗaya da rabi. Bature dai ba ya shiga Makka, amma kayansa ba wanda ya tambaye su takarda. Ga su nan a zube a kan tabarma, tukunyar shayi, agogon da ya tsaya, da wata doguwar jakar fata cike da sanduna masu kan ƙarfe. Dillalin ma bai san na mene ne ba. Da safe ya sayar da ɗaya a matsayin makashin ɓera, wata kuma mai gidan burodi ya saye ta yana jan garwashi da ita.

Gajerun guda uku ne. Na jera su a ƙasa na tsuguna, na yi musu irin duban da ubana ya koya min a kasuwar Maigatari. Na ƙwanƙwasa kowace a jikin dutse na kara kunne. Na ɗaga na ji nauyi. Na sari ƙasa da kowace, mutane suka fara taruwa suna ba da shawara. Ƙarfen dai ba laifi, amma duk ukun bakinsu ya kwanta baya, alamar an yi musu mugun riƙo. Ta farko kaɗan ta kwanta, dillali ya ce riyal goma. Ta biyu ta fi ta kwanciya, takwas. Ta ukun kuwa ta kusa kallon sama, ga gindi mai kauri, ga wasu tsage-tsage a fuska. Dillali da kansa ya ji kunyarta, ya ce in kawo huɗu in rufa masa asiri.

A nan zan ba masu ƙaramin ƙarfi shawara kyauta, tunda yanzu ni masani ne. In za ka sayi sandar golf kuɗinka ba su da yawa, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Ka duba ƙarfe, ka duba ƙota, ka tabbata ba ta girgiɗi a wuya. Lanƙwasa ba komai ba ce muddin akwai maƙeri a unguwarku. Haka na yi wa kaina lissafi, na ɗauki ta riyal huɗun na hau dutse da ita a kafaɗa, mata suna leƙe suna tambaya ko haƙar rijiya za a fara mana.

Maƙerin unguwarmu Baba Tsoho ne, Basakkwace, ya fi shekara talatin a Makka amma harshensa bai bar gida ba. Ya juya sandar a hannu, ya girgiza kai.

“Wanga ƙarfe raƙumi ya taka shi,” inji Baba. “Mi za a yi da shi?”

Na ce ƙwallo za a riƙa tonowa da shi daga cikin yashi. Ya ce to ai fartanya ce, Nasara ne dai ba su iya ƙira ba. Ya sa ta a wuta, ni ina zuga. Ya miƙe mata baki ya tsaya cak, ya dake gindin nan mai kauri ya zama falle, ya goge tsage-tsagen tas, ya wasa ta har tana aske gashin hannu. Rabin riyal ya karɓa. Wallahi da na ɗaga ta a rana sai da na ji ƙwalla, don tun da na baro gida ban riƙe kayan aiki mai kyau irin wannan ba.

Ina saukowa na ci karo da maƙwabcina Abdulganiyyu direba, wanda ya yi shekara biyu yana jan mota a ƙasar mai, ya kuma sha ganin Nasara suna wannan wasa. Na nuna masa da alfahari. Ya karɓa ya duba, ya tambaye ni yadda take kafin a gyara. Da na kwatanta masa sai ya nemi dutse ya zauna. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Da ƙyar ya iya gaya min cewa kwanciyar bakin nan ita ce sandar. Da gangan ake ƙera ta haka don ta shiga ƙarƙashin ƙwallo ta ɗaga shi sama, kaurin gindin kuma shi ke hana ta nutsewa cikin yashi. Wadda na saya riyal huɗu ita ce ainihin wadda Mai Girma yake nema, ita ce ma mafi daraja a jakar. Na same ta a banza, na kuma biya kuɗi aka kashe ta.

Na koma wurin Baba Tsoho a guje na roƙe shi ya mayar da ita yadda take. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ɓata aikin da ya gyara ba, ba kuma zai fara a kaina ba. Ramlatu da ta ji labari sai ta rage hannu a awon shinkafar rana.

Washegari akawu ya karɓi canjinsa, ya tasa ni gaba har kwarin. Na tarar da Mai Girma a tsaye cikin yashi, an riƙe masa laima, ma'aikata kusan goma sun yi sahu a bayansa, ofis kuwa an bar wa raƙumi. Ga ƙwallon ya nutse rabi. Na miƙa sandar da hannu biyu ina karanta duk abin da ya zo bakina. Mai Girma ya juya ta, ya taɓa kaifin, ya gyaɗa kai irin na wanda ya san abu. A nan na fara numfashi, don na gane ni da shi malaminmu ɗaya.

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga, ya kawo sara. Ƙwallon ko gezau, don bai same shi ba. Amma aikin Baba Tsoho ya shige ƙasa har wuya, ya kwaso yashi cikin ƙwarya guda ya watsa wa akawu a fuska. Da ƙura ta lafa sai ga rami, kyakkyawa, a gefen ƙwallon. Muna tsaye muna kallo ƙwallon ya yi ɗan tunani, ya gangara a hankali, ya faɗa ciki.

Can wani mai furfura daga cikin ma'aikata, wanda da gani ya daɗe a aikin hukuma, ya ce ai ya shiga rami. Nan take wuri ya kaure da tafi. Wani ya ce Nasara wuni suke suna bin rami a ƙafa, amma Mai Girma rami ne ya zo ya same shi. Akawu yana tofar da yashi yana cewa bugu ɗaya tak. Ni ma na tafa, jama'a, na fi kowa tafawa, har da ɗan tsalle. Mai Girma ya sake gwadawa sau huɗu, sau huɗu rami yana zuwa.

Ya kira ni gabansa. Ya ce a duk ma'aikatansa bai ga mai fahimtar yashi kamata ba, irina ba a barinsa yana ɗaukar akwatin mutane. Ya sa aka buɗe jaka, aka fito da hatimin da muka yi kwana goma sha tara muna jira, ashe tare da ƙwallaye yake kwana. Ya buga a takarda. Aka ɗaura min tagulla a damtse, babba, ta fi ta kowa ƙyalli. Ina ta godiya har ƙasa lokacin da akawu ya karanta abin da aka rubuta. An naɗa ni mai gadin filin wasa daga ɗaya ga wata har alhazai su watse, dare da rana, kada raƙuman ayari da motocin Muzdalifa su taka wa Mai Girma yashi.

Na ce, “Ranka ya daɗe, Mina fa?”

Ya yi murmushi ya ce Mina ta masu ƙaramar lamba ce. Na tambayi akawu batun albashi a hankali. Ya ce ana dubawa, in leƙo bukura.

Ban iya cewa a'a ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai hatimi da 'ya'ya uku a gida ya san dalili. Na hau dutse da tagullata tana walƙiya, maƙwabta suna fitowa suna yi min barka, ni kuwa raina in ban da ɗaci ba abin da yake. Ramlatu ta kama damtsena ta duba lambar sosai, ta shafa ta da gefen mayafi.

“Abu Hajara,” ta ce, wato baban Hajara 'yarmu, “tana da kyau. Da me ake cin ta?”

Ta juya ta ɗauko babban faranti ta fara wankewa. Bana ita za ta fita Mina da soyayyar gyaɗa, da goyo a baya, cikin wannan rana, abin da na yi mata alkawari tun a hanyar Sudan cewa ba za ta sake yi ba.

Saboda haka alhazai, in kun zo wucewa kuka hangi wani mutum shi kaɗai a kwari, da tagulla a damtse, yana ɗaga wa raƙuma hannu, ni ne, ku yi min sallama daga nesa. Ku dai bi ta gefe don Allah. Duk yashin Hijaz na Allah ne, amma wannan an shafa masa mai.